Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Gombe: Jama'a Sun Yi Gaba, Siyasa Ce Ta Tsaya A Baya

Mai Girma Gwamna, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, Ɗan Majen Gombe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka, na jiharmu da na shugabancin ƙungiyar gwamnonin Arewa.

Ni malamar makaranta ce, a aji na ƙarar da ƙuruciyata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta zama ruwan dare a bakin 'yan siyasarmu. Duk sanda aka tayar da zancen ba mata wuri a majalisa, ko a ƙaramar hukuma, ko a duk inda ake yanke hukunci kan rayuwar jama'a, amsar ɗaya ce: mutanenmu ba su shirya ba tukuna, al'ada ba ta yarda ba, a bi a hankali. Ranka ya daɗe, maganar nan ta tsufa. Mutanen da ake fakewa da su sun daɗe da barin inda ake zaton suna tsaye.

A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Manyan NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a wancan zamani, sun ce lokaci bai yi ba, talakawa ba za su lamunta ba. Su Malam Aminu Kano da jam'iyyarsu ta adawa, NEPU, suka ce lokaci ya yi, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha duka da ɗauri a kan wannan fafutuka. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, matar Arewa ta fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 ya zo ya tabbatar mata da haƙƙin. To yau wane ɗan takara ne a Gombe zai yarda a ce mata su zauna gida ranar zaɓe? Su ne ke cika layi tun sanyin safiya, wata da goyo, wata da tsohon ciki, su ne kuma ke jure rana har a ƙirga. Abin da kakanni suka ɗauka zai rusa gidaje ya zama abin da jikokinsu ke dogaro da shi su ci zaɓe, kuma ban taɓa jin gidan da ya mutu don matar gidan ta dangwala yatsa a takarda ba.

Abin da nake so ka duba shi ne yadda ra'ayin ya juya. Babu wanda ya zauna ya kayar da iyayenmu a muhawara. Rayuwa ce ta sauya a gabansu, suka ga abin da idonsu, gani kuwa ya kori ji.

A shekarar 1976 ɗin nan dai aka ƙirƙiri tsohuwar Jihar Bauchi, wadda aka ciro Gombe daga cikinta a 1996, kuma a shekarar aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Ina cikin yaran da shirin ya kwasa. A lokacin, idan mai unguwa ya zo rubuta sunayen yara, akwai gidajen da ake tura 'yan mata ƙauye wajen goggo, akwai inda ake gaggauta ɗaura aure don kada a ɗauki yarinya. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Tsoro suke ji, don ba su taɓa ganin macen da ta yi boko ta dawo ta zauna lafiya a ɗakin miji ba. Bayan shekara goma sha biyar sai suka gan ta. Ta fito daga kwalejin horon malamai, ta yi aure, ta haihu, tana salla, kuma ƙarshen wata ita ce ke aiko wa tsohon da kuɗin goro da na magani. Maƙwabcin da ya ɓoye tasa 'yar yana kallo. Bai fito ya ce ya yi kuskure ba, dattijo ba ya faɗin haka a bainar jama'a, amma da jikarsa ta isa shiga aji ɗaya shi da kansa ya riƙe hannunta ya kai ta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne asibiti. Magidancin da ya fi kowa tsauri kan fitar mace shi ne ya fi kowa ƙin namiji ya duba matarsa. Ranar da naƙuda ta yi gardama cikin dare, aka ɗauko ta a mota ko a bayan babur daga wani ƙauyen Nafada ko Kwami, addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa mace ce ke aiki. Idan ya tarar da ungozoma mace, ta karɓi haihuwar, uwa da jariri suka rayu, to a daren nan ya fahimci abin da wa'azin shekara goma bai fahimtar da shi ba: ungozomar nan 'yar wani ce, kuma wanin nan ya bar ta ta yi sakandare ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Idan kuma bai tarar da kowa ba, ya koma gida da gawa ko da matar da ta kamu da yoyon fitsari, shi ma ya fahimta, ta hanya mai ɗaci. Yankinmu na Arewa maso Gabas yana cikin inda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa a ƙasar nan, don haka babu zuri'ar da wannan darasi bai shiga ba. Gwamnatinka ta ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 114 na jihar nan. Gini ya samu, Allah ya saka. Amma wadda za ta kwana a cikinsa tana jiran mai naƙuda, yanzu haka tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wani ƙauye, kuma ana shawarar ko a cire ta.

Sai Islamiyya. Masu rubutu kan ci gaban mata sukan manta da ita, alhali a ganina babu abin da ya buɗe ƙofar gidajen kulle kamarta. Daga shekarun 1980 matan aure suka fara fita da hijabi da littafi, da safe ko bayan magariba, kuma miji ba shi da bakin hanawa, don karatun addini ne. A 1985 aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, mata Musulmi suka riƙa buɗe makarantu da asibitoci da kansu. Matar da ta karanta Suratun Nisa'i da fassara ta san Allah ya yanka mata rabonta na gado. Ta san sadakinta nata ne, ta san ci da sha da tufafi da wurin kwana haƙƙinta ne a kan miji. Wannan sani bai zo daga Turai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Bubayero tutar da aka kafa masarautar Gombe da ita, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta riƙa naɗa malamai mata da ake kira jaji tana tura su karkara su karantar da mata, tsarin da aka sani da 'yan taru. Duk wanda ya ce mana ilimin mace da muryarta baƙon abu ne a ƙasar nan, tarihin gidansu ne bai karanta ba.

Tsadar rayuwa ita ma ta yi nata aikin, tun daga matsin shekarun SAP, shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, har zuwa cire tallafin man fetur a 2023. Albashin mutum ɗaya ko amfanin gona ɗaya ya daina riƙe gida. Ka shiga Bolari ko Pantami ko Jekadafari ka tambayi wanda ke biyan kuɗin makarantar yara da na cefane idan wata ya yi nisa. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, mai ɗinki, mai turaren wuta, mai turara shinkafar Dadin Kowa, da yarinyar da ke tallata atamfa a WhatsApp kuɗi na shigo mata ta waya ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Adashen mata ya aurar da 'ya'ya ya kuma biya kuɗin jarrabawa fiye da yadda maza ke so su faɗa. Ga kuma matan da rikicin Boko Haram ya koro mana daga Borno da Yobe, da yawansu an kashe mazansu, su ne uwa su ne uba. Wanda ya zauna kusa da irin wannan baiwar Allah ya ga yadda take ciyar da marayu biyar da wankau da surfe, ba sai an yi masa bayanin amfanin sana'a da karatu a hannun mace ba.

Mu a Gombe muna da wata riba da wasu jihohin ba su da ita. A ƙasar Tangale da Waja da Tula mata sun daɗe suna noma da kasuwanci a fili, makarantun mishan kuma sun isa can da wuri. Mun yi makaranta tare, mun yi aiki ofis ɗaya, kowa ya ga na kowa. Kuma jihar nan ta fitar da matan da duk ƙasa ta san su. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya daga 2014 zuwa 2020, mace ta farko a kujerar. Hajiya Amina Mohammed tana Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Hajiya Binta Bello ta wakilci Kaltungo da Shongom a Majalisar Wakilai. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Dukku da Nafada. Babu mai cewa mutanen can ba su riƙe addini da al'ada ba, amma sun zaɓi Hajiya Aishatu Jibril Dukku ta wakilce su a Abuja a 2015, suka sake zaɓenta a 2019. Maza ne da mata suka yi layi suka dangwala mata. Idan Dukku da Nafada sun shirya, wace jama'a ce ake cewa ba ta shirya ba?

Ba ina cewa komai ya daidaita ba ne. Goyon bayan da ake samu hawa-hawa ne. Karatun 'ya mace ya samu karɓuwa sosai a gari, a karkara da sauran aiki. Aikin asibiti da koyarwa kusan kowa ya amince. Da an zo kan shugabanci sai a fara jan ƙafa, da an zo kan gona da fili kuwa sai 'yan'uwa maza su ce ai tana gidan wani, a bar mata nata a hannunsu, shi ke nan an cinye. Mutane da yawa kuma suna da fargaba ta gaskiya cewa ana so a shigo musu da wata tarbiyya daga waje a rusa musu aure. Wannan fargaba ce ta kayar da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata a Majalisar Dattawa a 2016, inda aka ce ya ci karo da hukuncin gado. Ni Musulma ce, ba na neman a taɓa rabon da Allah ya yi. Kukana shi ne rabon da Allah ya ba ta ma ba ya isa hannunta, kuma wadda aka saka da yara huɗu sai ta yi ta zarya a kotu kafin ta ga kwanon masara ɗaya na ciyarwa.

Ra'ayin jama'a kuma yana iya komawa baya, mun gani. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 da na Dapchi a 2018, iyaye da yawa da suka riga suka yarda da makarantar kwana sun janye 'ya'yansu, kuma ba zan zarge su ba. Uban da ya sayar da akuya ya kai 'yarsa har ta gama NCE, ta dawo ta shekara biyar ba aiki, ƙannenta yake kallo ya ce gara talla. Makarantar da ba katanga, ba ban ɗaki na 'yan mata, ba malama mace ko ɗaya, tana korar yarinya ranar da ta fara girma. Duk abin da aka samu cikin shekaru hamsin ya tsaya ne a kan mutane sun ga amfani da idonsu. Idan suka daina gani, za su koma inda suka fito.

Akwai wani bincike da aka yi a Saudiyya wanda nake so ya zo kunnenka, don ya yi kama da halinmu. Masana tattalin arziki sun tara matasan magidanta kusan 500 a birnin Riyadh, suka tambayi kowa a asirce ko ya yarda mace ta yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin 100 suka ce sun yarda. Amma da aka tambaye su yadda suke zaton maƙwabtansu za su amsa, mafi yawansu sun ɗauka masu yarda ba su kai haka ba. Waɗanda aka nuna wa ainihin sakamakon sun fi sauran yarda a yi wa matansu rajistar neman aiki. Wato mutum ya riga ya sauya a zuciyarsa, kunyar majalisar ƙofar gida ce ke riƙe da shi, alhali 'yan majalisar su ma kowa haka yake a ransa. Na sha ganin irin wannan a taron iyaye da malamai. Uba zai same ni a gefe ya ce, Malama, ina so yarinyar nan ta ci gaba, amma me mutane za su ce? Washegari wani uban daga layin nan nasu ya zo da magana iri ɗaya. A irin wannan hali kalma ɗaya daga bakin gwamna ko sarki ko limamin Juma'a tana sauke wa mutane nauyi, don tana nuna musu ba su kaɗai ba ne.

Yanzu ga inda siyasa ta tsaya. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'in da suka biyo baya, mata 4 ne cikin sanatoci 109. A Majalisar Dokokin Gombe mai kujeru 24, zaɓen bai kawo mace ko ɗaya ba. Za a ce ai masu zaɓe ne suka ƙi su. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda ake fitar da ɗan takara. Kuɗin fom da na deliget sun fi ƙarfin malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya. Taron da ake raba kujeru da tsakar dare ake yin sa a ɗakin da matar aure ba za ta shiga ba. Ga tsoron 'yan Kalare, 'yan bangar siyasar Gombe, ga baƙin fentin da ake shafa wa duk macen da ta fito, a taɓa mutuncinta da na mijinta. Idan ta auri ɗan wata ƙaramar hukuma, garinsu su ce ta tafi, garin miji su ce baƙuwa ce. Kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a an riga an cire sunanta. Abin da aka bar wa mata shi ne kujerar shugabar mata, da rabon atamfa da sabulu, da guɗa a filin taro.

Maƙwabtanmu na Nijar Hausawa ne da Fulani da Zabarmawa da Barebari da Buzaye, Musulmi kamarmu. A shekara ta 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso a kujerun zaɓe da na naɗi. Majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikinta, ta 2004 ta samu 14, daga baya suka ƙara kason. Senegal ta yi dokar raba jerin 'yan takara daidai tsakanin maza da mata a 2010. A Indiya, tun farkon shekarun 1990 aka ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka, kuma masu bincike a jihar Bengal ta Yamma sun gano cewa ƙauyen da mace ta shugabanta sau biyu, mazansa sun rage ƙyamar shugabancin mace, iyaye kuma sun ƙara buri a kan karatun 'ya'yansu mata. A duk wuraren nan ba a jira kowa ya amince kafin a fara ba. An ba da dama, mutane suka gani, amincewar ta biyo baya, kamar dai yadda ta faru da ƙuri'ar matan Arewa.

Don haka roƙona na farko a gida yake, kuma ba ya bukatar izinin Abuja. Kai ne jagoran jam'iyyarka a jihar nan. A zaɓen ƙananan hukumomi mai zuwa, a tsayar da mata takarar kansila a kowace ƙaramar hukuma cikin 11, kuma a mazaɓun da jam'iyya ke da ƙarfi, ba inda aka san za a faɗi ba. Kansila ita ce kujerar da ta fi kusa da rijiyar burtsatse da asibitin unguwa da makarantar firamare, abubuwan da mata suka fi kowa sanin inda suke ciwo. Daga nan ne za a samu waɗanda za su nemi majalisar jiha gobe da aikin da za su nuna.

Haka nan, tunda Gombe na cikin jihohin da aka shigar shirin AGILE na karatun 'yan mata, a sa ido kuɗin ya tafi inda uba zai gani: katanga, ban ɗaki, ruwa, da babbar sakandare kusa da gida yadda yarinya za ta je ta dawo kafin la'asar. A ɗauki 'yan mata daga kowace mazaɓa a kai su kwalejin ilimi da makarantar ungozoma da alkawarin aiki a garinsu idan sun gama, a kuma cika alkawarin. Malama ɗaya 'yar gari da ke karɓar albashi a kan lokaci ta fi taron wayar da kai goma a otal. Kotunanmu kuma a ƙarfafa su su riƙa gama shari'ar gado da ta ciyarwa cikin hanzari, a tabbatar an zartar da hukuncin.

Na ƙarshe ya shafi kujerarka ta shugaban gwamnonin Arewa. Maganar ware wa mata kujeru na musamman a majalisu ta sake tasowa a gyaran tsarin mulki. Irin wannan gyara ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, wato jihohi 13 sun isa su kashe shi, mu kuwa a Arewa 19 ne. Ko ya rayu ko ya mutu, a hannunmu ne. Ina roƙonka ka sa maganar a gaban takwarorinka gwamnoni, ka zauna da sarakunanmu da malamanmu na Musulunci da na Kirista a warware musu abin da ƙudirin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, don babu ruwansa da gado ko aure. Kafin wani ya tashi ya yi magana da sunan jama'a, a je a tambayi jama'ar, har da matan da ke cikin gida, a Dukku da Deba da Billiri da Bajoga. Idan kuma ƙudirin ya iso zauren majalisarmu ta Gombe, muna so mu ji matsayinka a fili kafin a kaɗa ƙuri'a.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Taka 'yar jiha,
Wata malamar makaranta,
Gombe.